An gina mana ɗakin haihuwa, amma kwamiti da incaj ba sa ga-maciji

Tambaya: Ni ne shugaban kwamitin ci gaban mazaɓarmu, mu ke sa ido kan asibitin sha-ka-tafi na garinmu. Wani ɗan gari da Allah Ya buɗa wa ya gina mana ɗakin haihuwa da ɗan ɗakin gwajin jini, yana so a yi bikin buɗewa kafin Sallah, a sanar cewa za a riƙa karɓar haihuwa dare da rana. Incaj, wato ma'aikacin da ke riƙe da asibitin, ya ce ba a shirya ba, 'yan kwamiti kuma na ganin ƙyuya ce kawai. Dagaci yana so a ƙara mutanensa cikin kwamiti, ungozomomin gari sun fara guna-guni, mai kemis ma ya daina gaishe ni. Ina iyakar ikonmu, kuma yaya za mu yi da duk waɗannan mutane?

Amsa: Alhaji, Allah Ya taya ka riƙo. Na daɗe a aikin lafiya matakin farko, na riƙe asibiti a ƙauye, daga baya na zauna a ofishin ƙaramar hukuma ina sauraron ƙorafin kwamitoci irin naku. Zan fara da abin da wataƙila ba shi kake son ji ba: na fi zaton gaskiya tana wajen incaj ɗinku. Ban san shi ba, mai yiwuwa ma malalacin ne, amma kafin ku yanke masa hukunci ku zauna ku yi wannan lissafi tare.

Mako ɗaya awa 168 ne. Ma'aikacin gwamnati awa 40 ake binsa a mako. Raba ka gani: kafin a ce ko da yaushe akwai mutum ɗaya da ya iya karɓar haihuwa a cikin ɗakin nan, sai kuna da aƙalla mutum biyar, kuma wannan idan babu wadda ta tafi hutu, babu mai jego, babu wadda aka kira taron ƙara wa juna sani a babban birnin jiha. Ungozoma nawa ƙwararru kuke da su yanzu? Idan ɗaya ce, kuma a cikin birni take kwana, to maganar dare da rana a kan allo kaɗai za ta tsaya. Sannan ka tambayi incaj: da wace wuta za a yi ɗinki ƙarfe biyun dare? Ina ruwa? Allurar oksitosin da ake yi don tsayar da zubar jini bayan haihuwa sai an ajiye ta a firji, zafin Afrilu yana kashe mata ƙarfi. Akwai firjin da ba ya mutuwa? Akwai magnesiyam salfet, maganin jijjigar masu ciki, kuma akwai wadda ta san yadda ake ba da shi? Idan ya amsa maka waɗannan da kame-kame, to ku tuhume shi. Idan ya amsa dalla-dalla ya ce babu, ku gode masa.

Na ga wannan da idona. A wani gari da na yi aiki, an yi biki, an yanka sa, an kafa allo mai cewa ana aiki awa 24. Ba a yi wata biyu ba wani magidanci ya kawo matarsa cikin dare a bayan a-kori-kura, naƙuda ta yi tsanani, ya tarar da kwaɗo a ƙofa, sai maigadi da tocilarsa. Maigadin ya ruga gidan da malamar asibiti ke haya, aka ce ta tafi ganin gida tun la'asar. Allah Ya kiyaye, matar ta sauka lafiya a hanyar babban asibiti. Amma kafin a idar da sallar asuba labari ya gama gari, kuma mun fi shekara muna lallashin mata su dawo ko da awon ciki ne, awon da a da suke zuwa da ƙafarsu. Da ba mu kafa allon ba, da mutumin nan kai tsaye zai wuce babban asibiti, ba zai ɓata rabin awa a ƙofarmu ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tun daga ranar na fahimci cewa babban aikin kwamiti lokacin faɗaɗa asibiti shi ne ya tsare bakin asibitin, kada a yi wa jama'a alkawarin da ba a tanadi cika shi ba.

Yanzu batun iko. Ba alfarma aka yi muku ba da aka kafa ku. Tun taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 aka amince cewa lafiya matakin farko ba ta yiwuwa sai da hannun jama'ar wurin. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako suka fito da tsarin asusun magani mai juyawa, wanda jama'a ke da hannu wajen kula da shi. A Najeriya zamanin ministan lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ne aka dasa wannan tunani, aka kafa Hukumar Bunƙasa Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa a 1992, daga baya aka mayar da mazaɓa ta zama tushen tsarin. Daga nan kwamitinku ya samo asali. To amma ka riƙe wannan da kyau: ma'aikatan asibitin ba yaranku ba ne. Galibi hukumar lafiya matakin farko ta jiha ce ke ɗauka, ita ke sauya wa mutum wurin aiki, ita ke ladabtarwa. Ba za ku iya korar incaj ba, ba za ku tsara masa jadawalin aiki ba, ba kuwa hurumin ɗan kwamiti ba ne ya leƙa katin mara lafiya ko ya tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa yana ba da umarni.

A Amurka abin ya sha bamban, kuma ina kawo shi ne don ka ga inda aka rage muku da inda za ku iya koyi. Cibiyoyin lafiyar al'umma da gwamnatin tarayyarsu ke tallafa wa, waɗanda suka faro a 1965, doka ta ce hukumar gudanarwar kowacce ta ƙunshi mutum 9 zuwa 25, kuma aƙalla kashi 51 cikin ɗari su kasance marasa lafiyar da ke zuwa wannan cibiya neman magani. Su ke amincewa da kasafin kuɗi, su ke tsayar da lokutan aiki da irin ayyukan da za a yi, su ke naɗa shugaban cibiyar su kuma sauke shi. Ma'aikacin cibiyar ko matarsa ko ɗansa ba ya zama a hukumar. Ku ba ku da wuƙar naɗi da saukewa. Amma waccan ƙa'idar ta rinjayen masu amfani da wurin, babu wanda ya hana ku ɗauka. Ka dubi kwamitinku ka ƙirga: mutum nawa ne matansu ke awo a wannan asibiti? Idan yawancinku da ciwon kai ya kama ku sai asibitin kuɗi a birni, to kuna magana ne da yawun mutanen da ba ku san wahalarsu ba. Kuma ɗakin haihuwa ake magana. Kwamitin maza zalla ba zai taɓa jin cewa labulen ɗakin awo gajere ne ba, ko cewa wata ma'aikaciya tana zagin mata idan suna naƙuda, ko cewa banɗakin ba shi da ƙyaure. Mace ba za ta faɗa wa Alhaji wannan ba. Ku sa mata, ba guda ɗaya ta cike gurbi wadda za ta zauna can gefe ta yi shiru har a tashi ba. Ku nemo malamar Islamiyya da mata ke jin maganarta, da shugabar masu adashi, da ɗaya daga cikin ungozomomin nan da ke guna-guni. Idan zama cikin maza yana hana su sakewa, su yi nasu zaman, wakiliyarsu ta kawo abin da suka ce a rubuce.

Ikon da kuke da shi na gaske yana wajen kuɗi, kuma nan ne kwamitoci suka fi faɗuwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun tallafa wa kula da lafiyar jama'a, wanda ma'aikata ke kira BHCPF, ta ce a zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin ɗari na haɗaɗɗen kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi. Dokar ta raba shi: rabi na biyan kuɗin kula da marasa lafiya ta hanyar inshora, kashi 20 na magunguna da alluran rigakafi da kayan aiki, kashi 15 na gyaran gini da na'urori da sufuri, kashi 10 na ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Idan asibitinku yana cikin waɗanda aka zaɓa, wani kaso yana shigowa asusunsa na banki kai tsaye, ana kashe shi bisa tsarin da aka rubuta aka amince da shi, kuma galibi shugaban kwamiti yana cikin masu sa hannu. Wato kai. Kada ka taɓa sa hannu a cekin da ba a rubuta adadi ba, ko da za ka yi tafiya Umara ne, ko da incaj ɗin surukinka ne. Kada kuma ka mayar da sa hannun nan sandar dukan ma'aikata, ka ce ba za ka sa ba sai an ba ƙaninka aikin fenti. Na ga iri biyun, kuma na biyun ya fi saurin kashe asibiti.

Abin da mai kyauta ba ya hangowa shi ne gini sau ɗaya ake yinsa, amma safar hannu da auduga da sinadarin gwaji da man janareta da alawus ɗin 'yan sa-kai kowane wata suke cin kuɗi. Ɗakin gwajin nan, wa zai riƙa sayen kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro da na yawan jini idan kwalin farko ya ƙare? Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana wannan. A tsakanin 2005 da 2006 gwamnatinsu ta ce tiyatar haihuwa da kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Likita, kamar yadda suke ce wa asibiti a can, ta yi aikin, gwamnati ta biya daga baya. Niyya kyakkyawa, mata da yara kuwa suka yi ta zuwa. Sai biyan ya riƙa makara, bashi ya taru, kwamitocin asibiti irin naku da suke kira COGES suka rasa kuɗin sayo magani, aka koma rubuta wa uwa takarda ta je kemis. Saboda haka idan wani ya miƙe ranar biki ya ce haihuwa kyauta ce, ka tambaye shi a gaban shaidu daga aljihun wa, kuma har zuwa yaushe. Kuɗin maganin da ake sayarwa kuma ku ware shi da littafinsa, kada a taɓa shi don sayen kujeru ko abincin baƙi da sunan za a mayar. Ba a mayarwa. Ku rubuta farashin komai a bango da manyan baƙaƙe, da boko da ajami, har da abin da yake kyauta. Wannan allon kaɗai yana kashe rabin zargin da ake yi wa ma'aikata, yana kuma toshe hanyar wanda da ma yake karɓar na goro.

Dagaci uba ne, a matsayin uba za ku riƙe shi. Kada ya ji labarin wani mataki a bakin mutane. Kai da incaj ku je ku same shi kafin kowane babban zama da bayansa. Wanda ya tuna yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004 saboda zargi da jita-jita, da yadda sarakuna da malamai suka zama ginshiƙin dawo da amincewar jama'a har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna a 2020, ba zai raina ƙofar dagaci ba. Amma ka roƙe shi cikin ladabi ya bar kujerun ga unguwanni da rukunin jama'a: kowace unguwa ta fito da nata, Fulanin ruga su samu nasu, baƙin da ke zaune a garin su samu nasu. Ka nuna masa cewa ranar da rigima ta tashi tsakanin kwamiti da ma'aikata, wurinsa za a zo sulhu, kuma ba zai iya raba faɗa ba idan rabin masu faɗan yaransa ne. Yawancin dagatai suna gane wannan magana idan a keɓe aka faɗa musu.

Ungozomomi su ne na fi so ka ba lokacinka. Guna-guninsu yana da dalili. Tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin garin, ana girmama ta, ana ba ta rabonta ranar suna, yau an wayi gari an ce wata yarinya mai farin kaya sa'ar jikarta ce za ta karɓe aikin. Idan kuka yi watsi da ita, ba za ta yi faɗa da ku ba. Za ta dai ce wa mai ciki a hankali, "Ke dai ki yi haƙuri, a can ƙari suke yi wa mutum," shi ke nan an gama da ku. Abin da na ga yana aiki shi ne a mayar da ita mai rakiya: ita za ta gane naƙuda ta fara, ita za ta kawo matar, a bar ta ta shiga ta riƙe mata hannu, a kira ta Inna ko Iya, a ba ta kujera. Wankan jego da gyaran jariri da hidimar suna duk su ci gaba da zama nata, rabonta kuma kada ya ragu. A koya mata alamun haɗari, kumburin fuska da ƙafa, ciwon kai mai tsanani, zubar jini, naƙudar da ta wuce yini. Sannan ku tabbatar ma'aikata suna miƙa wa dangi mabiyiya su je su binne yadda aka saba. Ƙaramin abu ne a idon wanda ya yi makarantar koyon aikin lafiya, amma na san gidajen da suka ƙi haihuwar asibiti saboda wannan kaɗai.

Mazan ma akwai aiki a kansu. Mata da yawa suna makara ne don maigida ya tafi kasuwa ko ci-rani, babu wanda zai ba da izinin fita. Ku roƙi liman ya yi huɗuba a kan magidanci ya bar izini tun kafin ya fita, ya faɗa wa mahaifiyarsa da maƙwabcinsa. Ku je tasha ku zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi. A jihohin Arewa da dama an yi tsarin da direbobi ke sa kai su ɗauki mai naƙuda cikin gaggawa, ku nemi lambobin mutum uku ko huɗu a manna a bangon asibiti da ƙofar masallaci. Domin ko kun cika komai, asibitinku ba ya tiyata, ba ya ƙarin jini. Duk ɗakin haihuwar da ya fara aiki sosai zai riƙa tura mata gaba, har ma fiye da da. Ku ɗauki ƙafa ku je babban asibitin da za ku riƙa turawa, ku gaisa da likitan da ke riƙe da shi da shugabar ɗakin haihuwa, ku karɓi lambar da ake ɗauka da dare. Samarin gari kuma a gwada rukunin jininsu a rubuta, don ranar buƙata.

Mai kemis ba abin damuwa ba ne sosai. Ka gaishe shi ko bai amsa ba. Kada dai ya shiga kwamiti, kada kuma a sayi maganin asibiti a shagonsa ko shagon wani ɗan kwamiti. A bi hanyar da jiha ta tsara. Zai huce da ya ga masu zuwa asibiti sun ƙaru, ciniki bai ragu ba.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi da mai kyautar. Zan je gidansa da incaj da mace ɗaya daga kwamiti, mu yi godiya sosai, domin ya cancanta. Sannan in ce masa a buɗe kafin Sallah kamar yadda yake so, a sa sunan mahaifiyarsa a bango idan yana so, amma abin da za a sanar shi ne awon ciki da gwaji da karɓar haihuwa daga safe zuwa yamma, da lambar direba don dare. In roƙe shi kuɗin da zai kashe a rumfuna da makaɗa ya sa a sola da tankin ruwa, in da hali ya gyara ɗaki biyu a harabar asibitin inda ungozoma za ta zauna da iyalinta, don rashin wurin kwana shi ke korar ma'aikata mata daga ƙauye fiye da ƙarancin albashi. A rubuta takardar miƙa ginin ga hukuma, a fayyace cewa kyauta ce, ba shi da zaɓin wanda za a ɗauka aiki, kuma ba za a liƙa hoton ɗan takara a bango ba. Idan da ƙamshin siyasa a lamarin, gara a yi wannan takarda yanzu da ake dariya da juna.

Daga nan kwamiti ya rubuta wa hukumar jiha ta hannun shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, yana neman ƙarin ungozomomi, da sa hannunka da na incaj da tambarin dagaci. Kada ku aika takarda ku zauna. Ku bi ta da ƙafa, ku ja kansila da ɗan majalisar jiha su raka ku. Takardar da ke ɗauke da alƙaluma ta fi wadda ke ɗauke da kuka, saboda haka daga wannan watan, a kowane zama, incaj ya kawo rajista ya karanta muku mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu a asibiti, nawa aka tura gaba da abin da ya same su, da kwana nawa aka yi babu muhimman magunguna. Sakatare ya rubuta, a karanta a zama na gaba. Idan akwai ƙorafi a kan ma'aikaci, kai da incaj ku fara tattaunawa a ofis, ƙofa a rufe, kada a tozarta shi a gaban jama'a. In abin ya ƙi, sai a kai sama a rubuce.

Ranar da ma'aikata suka cika, wuta da ruwa suka tsaya, kada ku yi gaggawar sanarwa. Ku yi wata guda ana kwana a asibitin ba tare da an yi shela ba. A cikin watan, ka tashi wani dare wajen ƙarfe biyu, ba tare da ka gaya wa kowa ba, ka je ka ƙwanƙwasa ƙofar. Idan aka buɗe maka, fitila na ci, firji na ƙugi, sai ka je ka gaya wa liman ya sanar ranar Juma'a.